Tayoyin da Suka Kai Umma Gonar Dawa

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye min gemu ba, na taɓa shafe makonni ba ni da hira sai ta taya. In na zauna shan shayi da abokai, taya. In matata ta tambaye ni abin da za a dafa, kafin ta ankara na shiga yi mata bayanin zanen taya da yadda yake korar ruwa. Har ta kai in na doso majalisarmu a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai wani ya ce, "Ga injiniya nan, a gyara masa kujera." Alhali sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, mukayyif kamar yadda muke cewa a nan, kuma ban taɓa sayen tayar da ta wuce ta 'yar motata ba. Mahaifiyata ce sanadin wannan zazzaɓin.

Umma ta zo Makka aikin Hajji tana da ƙuruciyarta, ita da mahaifina, daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Suka yi Hajji, suka zauna, suka kama ɗaki a Hindawiyya, nan aka haife ni. Shekaru masu yawa ba ta da takarda, saboda haka duniyarta ba ta wuce gida da Harami da kasuwa ba, sai Mina lokacin Hajji, inda take dafa wa alhazai tuwo. Ko da aka zo aka gyara wa mutanen unguwarmu takardu ita ma ta samu iƙamarta, wato takardar zama, mahaifina ya riga ya rasu, ciwon suga kuma ya kama ta ya fara taɓa mata ido.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Umma ba ta yar da kunyar ɗan fari a filin jirgi ba. A unguwar da uwa take leƙowa ta tagar bene ta kwaɗa wa ɗanta kira har layi na uku ya ji, ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wannan" take ce min. Ba ta kuma taɓa roƙona wani abu kai tsaye. In tana da buƙata, sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa Gwaggo a inda ta tabbata zan ji.

Gwaggo ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Maƙwabciya ce, ƙauyensu yana kusa da na su Umma, kuma shekara ɗaya suka zo. Mace ce da Allah ya yi wa jiki da murya, in ta yi dariya a ɗakinta sai ka ji a namu. Tun ina yaro kullum sai sun yi musu, a kan gishirin miya, a kan wace ce ta girmi wata, a kan shekarar da aka yi wani ruwa da ya cinye gadar garinsu. Kullum kuma tare suke cin abincin rana.

Wata rana na kai Umma asibiti, likita ya duba ta, sannan ya ja ni gefe. Ya ce idon hagu ya tafi, na dama ma yana bin sa, magani zai rage masa gudu ne kawai. Ban faɗa mata ba. Ashe ba ta buƙatar a faɗa mata, mai ido ai shi ya san abin da yake gani.

Juma'ar da ta biyo baya na je Hindawiyya bayan masallaci, na tarar da su biyu suna tsince dawar kunu a faifai. Ina kishingiɗe ina duba waya sai na ji Umma ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ni da zan ƙara ganin dawa a tsaye, ta yi zangarniya, iska tana kaɗa ta, da na gode wa Allah."

Gwaggo ta ɗaga murya yadda ko kurma zai ji, ta ce, "Ai an ce a Jizan suna noma ta, kamar a gida. Sai dai wa zai kai mu? Mu da ba mu haifi masu mota ba."

Ta faɗa tana kallona ido cikin ido. Ni kuwa a lokacin ban taɓa ganin dawa ba sai a leda. In da za a tsare ni a ce in zana itacenta, da bishiya zan zana.

Matsalar ita ce hanya. Jizan tana can kudu, tafiya ce mai nisa, Umma kuma bayanta ba ya jure zama, ga shi mai suga ba ya daɗewa bai nemi banɗaki ba. Ƙaramar motata ba za ta yi ba. Ina ba wani abokina labari sai ya ce, "Ya shaikh, kana da ni kake wannan tunanin? Ɗauki karafan." Karafan ita ce motar nan mai ɗaki a bayanta, da gado da banɗaki da ɗan wurin girki. Abokina yana aikin hidimar alhazai, da ita ma'aikatansa suke hutawa kwanakin Hajji, sauran shekara kuma tana ajiye a wani fili, rana tana dukanta.

Muka je ganinta. Na zagaya ta, na duba tayoyi, na ga zanensu zurfi-zurfi kamar ba su taɓa taka kwalta ba. Na ce masa ai waɗannan sababbi ne. Ya yi dariya, ya ja ni muka tsuguna, ya nuna min gefen tayar. Duk ta yi tsaga-tsaga kamar faso a dunduniya. Ya ce, "Tayar karafan ba tafiya ce take kashe ta ba, zama ne. Ranar Makka ta dafa su. Motar kyauta na ba ka, amma wallahi ba za ka ɗauki Hajiya a kan waɗannan ba. Canja su tukuna."

Nan fa injiniya ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, na ce, don haka na duƙufa. Na tsara cewa ta kan duwatsu za mu bi, ta Ɗa'if zuwa Abha, don tsofaffi su sha sanyi, sannan mu gangara Jizan. Wato taya ɗaya za ta taka kwaltar Makka da take tafasa, ta hau dutse cikin hazo da ruwan sama da sanyi, ta sake sauka cikin zafi. Na gano cewa irin wadda ake kira ta kowane yanayi nake nema. Na koyi karanta lambobin nan da suke jikin taya, na san wadda take nuna girma, da wadda take nuna lokacin da aka ƙera ta, da wadda take nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Na kalli bidiyo har matata ta fara gane muryoyin masu bayanin.

Ranar saye na je wani banshar a bayan unguwarmu, wato shagon masu taya da faci. Mai shagon mutumin Damagaram ne, ya daɗe a nan. Ya mirgino min iri biyu, girmansu ɗaya, duk na kowane yanayi. Ya dafa ta farko ya ce, "Wannan ninki takwas ce, tana da ɗan laushi, tana shanye gargada." Ya dafa ta biyu ya ce, "Wagga kuwa ninki goma, gefenta kamar ƙarfe, ta ɗaukar kaya ce. Amma in mota ba kaya, za ka ji kowane dutse a ƙugunka. Mutum nawa ne, kuma wane irin kaya?"

Na ce, "Mu uku ne. Ni da matata da tsohuwa, sai 'yan jakunkuna."

Ya ce, "Ɗayyib. In haka ne ta farkon ta ishe ka."

Ina jin ya ambaci ƙugu na tuna bayan Umma, na ce a ɗaura mai laushin. Na duba lambar ƙira ɗaya bayan ɗaya don kada a haɗa ni da tsohuwar ajiya. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Na zayyana wa matata komai, har da hikimar da ta sa na zaɓi ninki takwas. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mu uku ka ce masa?"

Na ce e.

Ta ce, "Ka san mahaifiyarka kuwa?"

Na ce mata maganar taya ake yi, ba maganar dangi ba. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Abin da injiniya bai saka a lissafinsa ba shi ne, a Hindawiyya ba a tafiya a ɓoye. Labari ya zaga cewa ɗan Hajiya zai kai ta Jizan a mota mai ɗaki. Ashe rabin unguwar suna da wani a can: wannan ƙaninta yana aiki a Sabya, wancan 'yarsa tana aure a cikin gari, wata kuma kakanninta ta nan suka shigo ƙasar da suka tsallako teku, har yanzu akwai dangi. Kuma mutumin Makka ba ya zuwa wa kowa hannu rabbana. Ko ba ka da komai, za ka aika da Zamzam.

Da safiyar tafiya na kawo karafan bakin layi, don layin su Umma ba ya ɗaukar babbar mota. Na tarar da ƙofar gida kamar tasha. Jarkokin Zamzam jere, kowace an ɗaura mata ƙyalle mai launi dabam don a gane mai ita. Kwalayen dabino. Buhunan shinkafa. Wata tsohuwa ta kawo keken ɗinki a kai wa jikarta. Umma da kanta ta sa an fito da tukunyarta ta Mina, wadda yaro zai iya wanka a ciki, da turmi da taɓarya. Na tambayi matata me za a yi da turmi a hanya. Ta ce in tambayi mai shi. A saman komai kuma ga Gwaggo, ta ci ado da lulluɓinta na zuwa biki, ta riga kowa shiga, ta zauna a gefen gado tana gwada laushin katifa.

Ban taɓa cewa da Gwaggo za a tafi ba. Babu kuma wanda ya taɓa tunanin sai an ce.

Duk wanda ya miƙo jarka sai ya haɗa da addu'a. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, guda ɗaya ce tak." Ta yaya za ka ce wa matar da ta goya ka a'a a kan jarka ɗaya? Na yi ta karɓa ina turawa ƙarƙashin gado da cikin banɗaki da bayan kujeru. Da muka gama na sauko na kalli motar. Bayanta ya zauna, tayoyin baya sun yi tumbi sun baje a ƙasa. Na ce wa raina wataƙila idona ne. Na tayar, muka bar layin, ina karya kwanar farko na ji motar ta yi rangaji, jarkoki suka amsa daga baya. Na gangara gefe na tsaya, na ɗauki hoton tayar na aika wa abokina. Bai ma rubuto ba, kira ya yi. Ya ce, "Kada ka kuskura ka hau dutse da wannan. Ko Jidda ban yarda ka je ba. Zafi zai haɗu da nauyi ta fashe maka a gangara."

Na zagaya baya na buɗe ƙofa. Ban san yadda zan fara ba, sai na fuskanci matata na ce, yadda kowa zai ji, kaya sun fi ƙarfin taya, dole a rage nauyi sosai. Gwaggo ta dubi jarkoki, ta dubi kanta, sai ta kwashe da dariya.

"To ai magana ta ƙare," in ji ta. "Ni ce buhun da ya fi kowanne. Saƙon mutane amana ne, ba a mayar da shi. Ni kuwa ba wanda ya aiko ni. Bari in sauka, ku je ku gano, ku ba ni labari."

Ta yunƙura da gaske, ta dafa bango, ta fara neman takalminta da ƙafa. Dariya take yi, amma na ga yadda ta juya fuska. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma a cikin raina na riga na auna ta da jarkoki na ga lissafin zai fita. Sai Umma ta miƙa hannu tana lalube, ta kama bakin lulluɓin Gwaggo ta riƙe. Ta ce wa matata, "Ki gaya wa wannan na gode, Allah ya yi albarka. In ta sauka, na sauka. A kai wa mutane ruwansu."

Ba ta ɗaga murya ba. Na san Umma, in ta yi irin wannan maganar ko liman aka kira ba za ta canja ba. Na tsaya a bakin titi rana tana dukana, na ji tausayinsu ya kama ni. Na ce babu mai sauka, taya ce za ta sauka.

Muka juya gida. Aka sauke tsofaffi, na koma banshar da motar tana jan ciki a hankali. Mutumin Damagaram ya fito ya kalli bayanta, ya leƙa ta taga, ya ce, "Waɗannan su ne 'yan jakunkunan?"

Na ce ya taimake ni ya karɓi tayoyinsa ya ba ni masu ninki goma.

Ya ce, "Ya habibi, tayar da ta taka kwalta ta yi aure, ba ta komawa gidan ubanta." Sannan ya ƙara min da wani: masu ninki goman da ya nuna min an saye su, girman nan kuma ba kowa yake ajiye shi ba, sai an kawo daga Jidda, kuma bai san rana ba. Ya kuma ja min kunne cewa ko na ɗaura su, ita kanta motar tana da iyakar abin da za ta ɗauka, taya ba ta mayar da karafan tirela.

Abokina ya ce zai karɓi masu ninki takwas ya saka wa wata motar aikinsa, wannan ya sauke min nauyi ɗaya. Amma a daren ranar Gwaggo ta kira wani ɗan ƙaninta da yake zaune a can kudu don ta ce masa mun fasa zuwa yau, shi kuma ya ce mu yi sauri, an fara girbi, gonaki da yawa an riga an sare. Matata ce ta gaya min cewa Umma ta hana a kwance jakarta, a gefen filo take ajiye ta, kuma da safe ta tambaya ko hadari ne ya haɗu, alhali rana ce tar a waje. Idon yana tafiya, dawa tana tafiya, ni kuma ina zaune ina jiran taya.

Na ga zuwa da kai ya fi saƙo. Na rufe shagona na tafi Jidda, na bi shagunan taya ɗaya bayan ɗaya. Wani yana da girman amma ta zafi ce zalla, ba ta son ruwa. Wani yana da ta kowane yanayi amma ta daɗe a ajiye, lambar ƙirarta ta tona mata asiri, karatun injiniya dai bai tashi a banza ba. Sai wajen la'asar na samu abin da nake nema a wani shago can ƙarshen gari. Na cusa su a 'yar motata, har kujerar gaba, na dawo Makka ina warin roba, aka ɗaura wa karafan su.

Sauran aikin matata ce ta yi shi, kuma ya fi nawa wuya. Ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. Shinkafa ta koma, tunda a Jizan ma ana sayar da ita. Keken ɗinki ya koma da alƙawarin za a ba motar haya. Wanda ya kawo jarka uku aka bar masa ɗaya. Ni kuma na zubar da rabin ruwan tankin motar don Zamzam ta samu wuri. Tukunyar Mina ta sauka bayan doguwar tattaunawa. Turmi kuwa Umma ta ce ko shi ko ita.

Muka kama hanya. Abin da nake tsoro shi ne taurin sababbin tayoyin, kunnena yana baya ina jiran in ji Umma ta yi nishi. Shiru. Motar tana tafiya lafiya lau, ba rangaji ba jijjiga. Da muka tsaya salla a Ɗa'if na faɗa wa matata cewa mai banshar ya yi gaskiya, irin wannan tayar sai da kaya take laushi. Gwaggo ta jiyo ta ce, "Ka ga amfanina ke nan. Da ka sauke ni da yanzu uwarka tana ta tsalle kamar gyaɗa a kasko."

Tsakanin Baha da Abha hazo ya rufe mu, sannan ruwa ya sauko, irin wanda ba ma samu a Makka sai a jima. Hanya ta yi santsi, ga kwana a kan kwana, ga rami a gefe wanda ba a ganin ƙarshensa. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na sani. Duk inda na taka birki motar ta tsaya inda na ce, ba ta zame ko sau ɗaya ba. Ina cikin wannan hali na ji iska mai sanyi a wuyana. Umma ce ta sa aka buɗe mata taga, ta fitar da tafin hannunta ruwa yana zuba a kai. Ta ce wa Gwaggo, "Kin ji ƙamshin ƙasa?" Gwaggo ta ce ta ji, amma na garinsu ya fi. Suka fara.

Muka gangara ƙasar Jizan. Dama da hagu gonaki ne, amma an sare, sai kara a tattare da kututture a ƙasa. Muka yi ta tafiya haka. Umma tana ta tambaya, "Mun iso? Me ake gani?" Gwaggo tana ce mata, "Saura kaɗan, ke dai kin cika gaggawa, tun kina yarinya haka kike."

Ɗan ƙanin Gwaggo ya tare mu a wani ƙauye, ya ce ya san wani dattijo da ya yi shuka a makare. Muka bi shi ta wata hanyar ƙasa. Can sai ga dawar a tsaye. Ni da ban taɓa gani ba, sai da na taka birki ban sani ba. Ta fi ni tsawo nesa, kore shar, kawunanta sun sunkuya don nauyi, iska tana bi ta cikinta tana wani irin sauti.

Mai gonar yana bakin hanya da malafarsa, yana kallon wannan motar da baƙin da bai sani ba. Kafin in haɗa Larabcin da zan roƙe shi, Gwaggo ta sauko da jarka ɗaya tata, ta dire a gabansa ta ce, "Min Makka," wato daga Makka. Dattijon ya dubi jarkar, ya dafa ƙirji, ya matsa gefe ya ce mu shiga, gonar tamu ce.

Gwaggo ta kama hannun Umma suka shiga tsakanin kunya-kunya, mu muna biye. Umma ta ɗaga kai tana ƙifta ido. Na gane cewa kore kawai take gani, a dunƙule. Sai Gwaggo ta fara yi mata bayani, ba irin wanda ni zan iya ba. Ta ce tsayinta kamar ta gonar bayan rafi, wadda mahaifin Umma yake nomawa. Ta ce ganyen ƙasa ya fara bushewa, na sama yana nan. Ta ce ga tsuntsaye can sun sauka a gefen gabas, irin masu ɓarnar nan. Duk abin da ta faɗa sai Umma ta gyaɗa kai ta juya wajen, kamar an kunna mata fitila. Gwaggo ta janyo wata zangarniya ta sa mata a hannu ta ce, "Kaura ce."

Umma ta shafa, ta ɓantari ƙwaya ta tauna, ta ce, "Farfara ce."

"Kaura ce, ni da nake gani!"

"Ke da ganin, ni da sanin. Farfara ce."

Hawaye yana zuba a fuskarta tana musun. Na juya baya na yi kamar ina duba waya.

Sai na ji ta ce wa matata, "Ki ce wa wannan ya zo ya tsaya nan, jikin dawar, inda haske yake." Na zo na tsaya. Ta matso kusa da ni sosai, har ina jin numfashinta, ta ɗaga kai ta kalle ni. Umma da ba ta taɓa haɗa ido da ni ya wuce ƙiftawa ba, ranar ta kalle ni ta daɗe, daga hula har gemu, da dawar da take bayana. Sannan ta ce, "To. Mu tafi, mutane suna jiran ruwansu."

Mun raba jarkoki gida-gida har kwana biyu, kowane ƙyalle ya samu mai shi. Turmi dai har muka dawo Makka ba a daka ko barkono a cikinsa ba, kuma har yau ban samu wanda ya yi min bayani ba.

Ba a rufa shekara ba idon dama ya bi na hagu. Gwaggo ta ci gaba da zuwa cin abincin rana tana ba ta labarin abin da yake faruwa a layi, har Allah ya karɓi abarsa shekaru kaɗan bayan haka. Ina kewarta fiye da yadda na zata, har da muryar.

Yanzu in wani a majalisa zai canja taya, sai a turo shi wurina don tsokana, a ce ya je wajen injiniya. Nakan gaya masa abin da na sani: ya duba gefe kada zane ya ruɗe shi, ya duba lokacin ƙira, ya nemi wadda za ta jure zafi da ruwa. In ya zo kan lambar nauyi kuwa, nakan ce kada ya ƙirga mutanen da ya yi niyyar ɗauka, ya ƙirga waɗanda mahaifiyarsa ba za ta tafi ta bari ba.

Umma tana wurinmu a Rusaifa yanzu. Gemuna ya yi fari, na yi tumbi, 'ya'yana suna yi min dariyar sanƙo. Kwanakin baya na shiga gaishe ta, ƙaramar 'yata tana ba ta labarin yadda na tsufa. Umma ta saurara, ta girgiza kai ta ce, "Ku kuka san wannan. Ni duk sanda ya yi sallama, a cikin dawa nake ganinsa."